Cututtukan Fata na Fangas Bayan Dashen Ƙoda: Makero, Ƙyasfi da Waɗanda Suka Fi Su Hatsari

Idan an yi maka dashen ƙoda, ka riga ka san akwai magungunan da za ka riƙa sha safe da dare muddin ƙodar tana jikinka. Su ne suke hana jikinka yaƙar sabuwar ƙodar. Sai dai garkuwar jikin da suke dannewa ita ce kuma take tsare fata daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa makero, ƙyasfi, cin ruwa da lalacewar farce suke yawan damun masu dashe.

Abu biyu ya kamata ka riƙe tun daga farko. Na ɗaya, ƙurjin da ba ya tayar wa kowa hankali a gari zai iya nutsewa cikin fatarka, ko kuma ya zama alamar cutar da ta riga ta shiga jini. Na biyu, wasu magungunan makero da ake sayarwa a kemis ba sa shiri da magungunan dashe, kuma za su iya lalata ƙodar da aka sha wahala kafin a samu. Wannan bayani ya fi shafar wanda yake zaune a karkara, irin su Kunci da Tsanyawa da ƙauyukan da ke kewaye da su, inda gona da dabbobi suke kusa, kemis yake bakin hanya, likitan ƙoda kuma yake can Kano.

Mene ne fangas?

Fangas wasu ƙananan halittu ne, dangin funfunar da take fitowa a kan tuwon da ya daɗe a ajiye, da kuma yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi. Suna rayuwa a cikin ƙasa, da taki, da ruɓaɓɓen kara, da jikin dabbobi. Wasunsu ma suna zaune a fatar kowane mai lafiya ba tare da sun yi masa komai ba. Suna son wuri mai ɗumi da laima. Magungunan kashe bakteriya, irin kafso ɗin da mutane suka saba saye, ba sa kashe su, wani lokaci ma ƙara musu fili suke yi.

Me ya sa mai dashen ƙoda ya fi kamuwa?

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi ne a birnin Boston na Amurka a shekarar 1954, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya. Jikin wanda aka dasa wa bai ɗauki ƙodar ɗan'uwansa a matsayin baƙuwa ba, don haka bai buƙaci maganin danne garkuwa ba. Duk wanda ba haka ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya yake da wanda ya ba shi ƙodar, sai ya sha magani. A nan Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a shekarar 2002, kuma akwai da yawa da aka yi musu a Abuja, Legas, Indiya ko Masar suka dawo gida. Duk inda aka yi, tsarin maganin kusan ɗaya ne, yawanci guda uku a haɗe:

- Takrolimus, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Prograf, ko kuma saikulosforin, irin su Neoral.
- Maikofenolet, irin su CellCept, ko kuma azatayofirin.
- Firednisolon, wato sitiroyid na sha.

Garkuwar ta fi yin ƙasa a watanni 6 na farko bayan dashe, lokacin da ake ba da magani mai yawa, da kuma duk lokacin da aka ƙara magani saboda jiki ya fara ƙin ƙodar. Bayan nan hatsarin yana raguwa, amma ba ya gushewa. Sannan takrolimus da firednisolon suna iya ɗaga sukarin jini, har su jawo ciwon suga ga wanda da ba shi da shi, fangas kuwa yana jin daɗin jikin da sukari ya yi yawa. Ka haɗa wannan da zufar bazara, da laimar damina, da aikin gona, za ka ga dalilin da ya sa matsalar take yawa a wajenmu.

Cututtukan da suke tsayawa a saman fata

Waɗannan su ne mafiya yawa, kuma suna jin magani idan an tare su da wuri.

Ƙyasfi: tabo-tabo ne masu haske ko masu duhu a ƙirji, baya, wuya da kafaɗa, waɗanda suke fitar da ɗan gari idan an kankara. Ba ya cika ƙaiƙayi sai an yi zufa. A jikin mai dashe yakan mamaye wuri mai faɗi, kuma yakan dawo bayan ya tafi.

Makero: zagaye ne mai ƙaiƙayi, bakinsa ya ɗan tasa yana saɓa, tsakiyarsa ta lafa. Yana fitowa a jiki, fuska, matsematsi da duwawu. A jikin mai dashe ba lallai ne ya yi zagayen da aka sani ba. Yakan bazu ya haɗe da juna, wani lokaci ma babu ƙaiƙayi sosai, saboda firednisolon yana rage ja da kumburi.

Kora: makeron fatar kai ne, mai cinye gashi wuri-wuri. An fi saninsa a kan yara, amma babban da garkuwarsa ta yi ƙasa yana iya ɗauka daga yaran gida ko daga askar wanzami.

Cin ruwa: tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari, ya jiƙe, ya tsattsage. Kada ka raina shi, domin ta wannan tsagar ce bakteriya suke shiga su kumbura ƙafa gaba ɗaya, da zafi da zazzaɓi.

Ciwon farce: farce ya yi kauri, ya canza launi zuwa fari, rawaya ko baƙi, ya riƙa gutsurewa. Shi ne maɓoyar fangas, daga nan yake komawa fata bayan an yi magani.

Kandida: wani nau'in yis ne. A baki yana yin farin abu kamar gutsuren kindirmo a harshe da cikin kumatu, idan an goge sai a ga ja a ƙasa. A hammata, ƙarƙashin nono da matsematsi yana yin ja mai laima da ƙananan ƙuraje a gefe. Ga mata yana kawo ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri. Idan kana jin zafi lokacin haɗiye abinci, mai yiwuwa ya gangara maƙogwaro, wannan kuma sai asibiti.

Cututtukan da suke nutsewa cikin fata

Su ba su kai na sama yawa ba, amma su ne suke iya kai mutum ga rasa gaɓa ko rai. Ta hanya uku suke zuwa.

Hanya ta farko, makeron da aka daɗe ana fama da shi ya bi ramin gashi ya shiga ciki. Sai ka ga ƙulluttai masu tauri ko maruru a cikin tabon makeron, galibi a ƙafa, cinya ko matsematsi. Man shafawa ba ya kaiwa wannan zurfin.

Hanya ta biyu, ƙaya ko tsinken kara ko sartse ya soke ka ya tura fangas ɗin ƙasa cikin nama. Wannan ita ce ta fi kusa da manomi. Ƙayar aduwa, bagaruwa ko gawo, ko tushen karan dawa lokacin sharar gona, duk suna iya zama sanadi. Raunin yakan warke ka manta da shi, bayan makonni ko watanni sai wani ƙullutu marar zafi ya fito a wurin, a tafin ƙafa, ƙauri, hannu ko gwiwa, yana girma a hankali. Wani yakan tara ruwa kamar maruru, wani ya yi kaushi kamar tsiro, wani kuma ya jera ƙulluttai suna hawa dantse. Akwai wanda ake kira maisetoma, mai kumbura ƙafa ya huda ƙananan ƙofofi suna fitar da mugunya da wasu ƙwayoyi kamar tsabar gero, baƙaƙe ko farare. An san shi a ƙasashen da ke gefen Sahara, tun daga Senegal har Sudan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a shekarar 2016. Idan ya daɗe yana cin ƙashi.

Hanya ta uku, a shaƙi fangas ɗin ta hanci, ya zauna a huhu, ya bi jini, sannan ya bayyana a fata. Kiriftokokas, wanda ake samu a busasshen kashin tattabaru, haka yake yi. A fata yakan fito da ƙananan ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya kamar cibiya, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburi ja mai zafi wanda maganin bakteriya bai taɓa shi ba. Babban hatsarinsa shi ne yana son ƙwaƙwalwa, inda yake haddasa wani irin sanƙarau mai zuwa a hankali. A jerin fangas 19 mafiya hatsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, yana cikin rukunin farko. Akwai kuma histofilasma, mai alaƙa da kashin jemagu da tsuntsaye, wanda nau'insa na Afirka ta Yamma yake taɓa fata da ƙashi.

Alamomin da ba a kwana da su

Ka nufi asibiti a ranar, ko ka kira sashen da yake kula da dashenka, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Zazzaɓin da ya kai digiri 38 tare da kowane irin sabon ƙurji.
- Ƙurji tare da ciwon kai mai naci, amai, sanƙarewar wuya, ruɗewa ko gani dishi-dishi.
- Wurin da fata ta yi baƙi kamar ƙuna, musamman a hanci, fuska ko inda aka yi rauni.
- Kumburi ja mai zafi da yake yaɗuwa cikin sauri.
- Ƙuraje da yawa da suka fito lokaci ɗaya a wurare daban-daban, tare da tari ko rama.
- Raguwar fitsari, kumburin ƙafa ko rawar hannu bayan ka fara wani sabon magani.

Ka sani cewa magungunan dashe suna ɓoye zazzaɓi. Rashin zafin jiki ba shaida ce ta cewa babu cuta ba.

Waɗannan kuma a gan su cikin mako guda: ƙullutu ko gyambon da ya kai mako biyu bai warke ba, ko da ba ya ciwo, makeron da ya ci gaba da faɗi bayan mako biyu ana shafa magani, farin baki, kora, da canjin farce.

Abin da za a yi maka a asibiti

Ido kaɗai ba ya isa, domin kirci, ƙazuwa, tarin fuka na fata, da wasu nau'o'in kansar fata da suke fitowa masu dashe, duk suna iya kama da fangas. Idan na saman fata ne, za a ɗan kankari fatar, ko a yanki farce, ko a ciri gashi, a duba a madubin likita. Wannan ba ya ciwo. Wani lokaci sai an shuka samfurin a ɗakin gwaji, sakamakon kuma yakan ɗauki mako 2 zuwa 4.

Idan ƙullutu ne ko gyambo, za a yi allurar kashe zafi a yanki ɗan guntun nama a gwada. Mutane da yawa suna tsoron wannan, suna cewa yanka zai tayar da ciwon. Ba ya tayarwa, kuma shi ne kaɗai yake nuna ainihin cutar. Idan an yi zargin kiriftokokas, akwai gwajin jini mai sauri, sannan za a ɗauki hoton ƙirji, a kuma ɗebi ruwan ƙashin baya don a tabbatar bai kai ƙwaƙwalwa ba.

Magani

Na shafawa su ne farkon zaɓi idan wurin kaɗan ne, kuma kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini daga cikinsu. Makero da cin ruwa ana shafa musu kulotirimazol, wato irin su Canesten, ko tabinafin, irin su Lamisil, na mako 2 zuwa 4. Ka shafa har ya zarce bakin tabon, ka kuma ci gaba mako ɗaya ko biyu bayan ya ɓace. Ƙyasfi ana wanke shi da sabulun ruwa mai ketokonazol, a bar kumfar minti 5 zuwa 10 kafin a ɗauraye. Launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita, wannan ba ya nufin maganin bai yi ba. Farin baki ana ba shi nistatin na kurkura, wanda hanji ba ya tsotsa.

Kora, ciwon farce, makero mai faɗi da duk na cikin fata sai da maganin sha. Farcen hannu yakan buƙaci mako 6, na ƙafa mako 12, sabon farcen ƙafa kuma yakan kai shekara kafin ya gama fitowa. Na cikin fata suna cin watanni, wasu sai an haɗa da tiyata a cire ƙullutun. Waɗanda suka shiga jini sai an kwantar da kai an ba ka amfoterisin ta jijiya ana bibiyar ƙodar. Wani lokaci likita zai rage maganin dashe kaɗan don garkuwa ta samu ƙarfi. Wannan hukuncin likitan ƙoda ne shi kaɗai. Kada ka rage ko ka tsallake ko da ƙwaya ɗaya da kanka.

Hatsarin maganin kemis

Hanta ce take narkar da takrolimus da saikulosforin ta fitar da su daga jiki. Magungunan fangas na sha, irin su fulukonazol, ketokonazol, itirakonazol da borikonazol, suna toshe wannan aikin. Sai maganin dashe ya taru a jini ya wuce ƙima, duk da cewa ba ka ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da yake biyo baya shi ne rawar hannu, ciwon kai, hawan jini, hauhawar sinadarin fotasiyam mai iya rikita bugun zuciya, da raunata ita kanta ƙodar. Ka duba bayan kwalin: duk maganin sha da sunansa ya ƙare da haruffan "conazole" yana cikin wannan dangi, ciki har da Diflucan da Nizoral na haɗiya. Maikonazol na shafawa a cikin baki, irin su Daktarin, da kulotirimazol na tsotsa, su ma suna shiga jini su yi irin wannan aikin.

Wannan ba ya nufin ba za a taɓa ba ka su ba. Likita yana ba da su idan da buƙata, amma sai ya rage takrolimus, ya riƙa auna shi a jini. Ranar da za a daina ma sai an sake gyara, domin idan aka tsayar da maganin fangas aka bar takrolimus a rage, zai yi ƙasa, jiki ya fara ƙin ƙodar.

Girisiyofulbin, wanda aka fi sani da Fulcin, akasin haka yake yi: yana rage saikulosforin a jini. Tabinafin na sha bai cika rikici da magungunan dashe ba, amma shi ma sai an duba hanta da ƙarfin ƙoda tukuna. Ketokonazol na haɗiya kuwa, tun shekarar 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taƙaita amfani da shi saboda illarsa ga hanta.

Sai man shafawar nan da ake kira mai aiki uku, da mayukan bilicin. Galibinsu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. Ƙaiƙayi zai lafa cikin kwana biyu ka zaci ka warke, alhali fangas ɗin yana ƙara bazuwa, kamanninsa suna canzawa har likita ya kasa gane shi. A Indiya, yawan shafa irin waɗannan mayuka yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ɓullar wani makero mai taurin kai wanda ba ya jin tabinafin. Idan a can aka yi maka dashe, kuma makeronka ya ƙi jin magani, ka faɗa wa likita.

Haka nan kada a goga tafarnuwa, toka, man birki ko ruwan batir, kada a tsaga, kada a yi ƙaho a wurin. Suna ƙona fata su buɗe wa wasu cututtuka ƙofa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe na sha kuma babu wanda ya san yadda za su yi da takrolimus. Idan ciwo ya dame ka, farasitamol za ka sha, ban da dikulofenak da ibufurofen, domin suna cutar da ƙoda.

Yadda za ka kare kanka

- Bayan wanka da alwala, ka tsane tsakanin yatsun ƙafa, hammata da matsematsi da ƙyalle mai tsabta. Ƙafar da take jiƙewa sau biyar a rana ba a tsane ta ita ce cin ruwa ya fi kamawa.
- Ka sa tufafin auduga masu sakewa, ka canza na ciki kullum, a shanya su a rana sosai.
- Tawul, soso, mataji, hula, abin yanke farce da takalmi su zama naka kai kaɗai. Ka je wa wanzami da rezarka sabuwa ko injin askinka.
- Kada ka yi tafiya babu takalmi, ko da a tsakar gida ne ko banɗaki.
- A watanni 6 na farko ka bar aikin gona gaba ɗaya. Bayan nan, idan likita ya amince, ka sa rufaffen takalmi, dogon wando da safar hannu.
- Kwasar taki, sharar akurkin kaji da ɗakin tattabaru, shiga tsohon rumbu ko ɗakin da jemagu suke kwana, da rushe tsohon gini, a bar wa wani. Lokacin sussuka da shiƙa ka nisanci ƙurar, idan ya zama dole ka sa takunkumi.
- Idan ƙaya ta soke ka, ka cire ta duka, ka wanke da ruwa da sabulu, ka rufe, ka riƙe ranar da wurin a ranka.
- Kada ka taɓa maraƙi, akuya ko kyanwar da gashinta yake zubewa wuri-wuri.
- Ka riƙa auna sukarin jini yadda aka tsara maka.

Ga iyali

Mai dashe ba ya ganin bayansa. Sau ɗaya a wata, mata ko miji ko wani na kusa ya duba masa baya, duwawu, fatar kai, tafin ƙafa da tsakanin yatsu, da rana a wuri mai haske. Yaron da yake da kora ko makero a gidan a yi masa magani da wuri, a raba musu shimfiɗa da tawul har ya warke. Ba sai an ware wa mai dashe kwano ko an guje shi ba, ƙyasfi da na cikin fata ba sa yaɗuwa ta zama tare. Idan ɗan'uwa ya kawo magani don tausayi, ku karɓa ku ajiye, ku nuna wa likita kafin a sha.

Idan za ka tafi asibiti daga nesa

Ka ɗauki hoton wurin da waya tun ranar da ka fara ganinsa, ka sake ɗauka bayan kwana uku-uku, don a ga yadda yake canzawa. Ka daina shafa komai kwana biyu zuwa uku kafin tafiya idan ba gaggawa ba ce, saboda mai yana ɓata gwajin. Ka zuba duk magungunanka a leda, har da man da ka saya da na gargajiya, ka tafi da su. Idan za a auna takrolimus, ana ɗibar jinin ne da safe, kimanin awa 12 bayan shan na dare ga mai sha sau biyu a rana, don haka ka riƙe na safen a aljihu sai an ɗebi jini sannan ka sha.

Idan asibitin kusa ka fara zuwa, kalmar farko da za ka faɗa wa ma'aikacin lafiya ita ce an yi maka dashen ƙoda, ka nuna masa katinka, ka roƙe shi ya tuntuɓi likitan ƙodarka kafin ya rubuta maganin sha. Kuɗin mota daga Kunci zuwa Kano da na gwaji suna da nauyi, amma ba su kama ƙafar kuɗin komawa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ba. Allah ya ƙara lafiya.